Zaren da Ya Ƙi Narkewa

Mun tashi daga Tawa da asuba, ana sallame salla muka tayar da mota. Mu uku ne: ni, da direba, da lokotoronmu mai fiɗa, wani Bature siriri wanda shekararsa biyu a garin nan amma Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "yi tari" ba. Saboda haka ni ne bakinsa, ni ne kunnensa. Ku da muka yi makarantar aikin jinya tare kun sha tambayata yadda aiki yake a Adar. To ga labarin kwana ukun da na yi a hanya makon jiya, kuma zan faɗe shi yadda ya faru, har da wurin da ba ya mini daɗin faɗi.

Zare ne ya fitar da mu. Kun san yawancin aikin ɗakin fiɗarmu na gwaiwa ne, ciwon nan na manoma da masu jan guga, inda hanji ke samun kafa ya sauko ƙasan mara. Da can da zaren hanjin tumaki ake ɗinke kafar, wanda jiki ke cinyewa a hankali. Da lokotoron nan ya zo sai ya ce wannan zare yakan saki tun nama bai gama haɗewa ba, shi ya sa ciwon ke dawo wa wasu. Da sanyin bara ya fara ɗinki da zaren nailan, mai santsin nan irin na masunta, yana saƙa shi a wurin yadda tela ke cike hujin tsohuwar riga. Wasu ya sa musu tsohon zare, wasu sabo, ya rubuta sunan kowa da garinsa don in an kwana biyu a ga wanda ya fi riƙo. Sai ga shi da damina mutum uku cikin masu sabon zaren sun dawo, ciwo ya koma ɗanye. Aka ba su rana bayan kaka, suka koma gona. Na huɗu daga Kalfu aka ɗauko shi bisa raƙumi, hanjin ya shaƙe kwana biyu, ya cika a hannunmu tun ruwan tafasa kayan aiki bai yi zafi ba. Lokotoro ya ce ba zai ƙara ɗinka kowa da nailan ba sai ya ga sauran da idonsa.

Ni kuwa abin da ke cina daban ne. Cikin masu sabon zaren akwai yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ke zaune a ƙauyenmu can gaba da Takanamat. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, kuma ranar da dogarai suka zo ɗibar yara zuwa lakwal, wato makarantar boko, shi ya ce a tafi da ni, shi zai tsaya wa gona. Shekara bakwai yana ɗauke da ciwon yana ɓoye shi cikin babban wando. Ni na matsa masa, ni na kawo shi Tawa, kuma ni da bakina na roƙi lokotoro ya sa masa sabon zaren, don a lokacin gani nake ba abin da ya kai shi. Tun da ya koma gida da bazara ban ji ɗuriyarsa ba sai gaisuwa a bakin 'yan kasuwa. Ƙauyen namu shi ne na ƙarshe a takardar lokotoro, kuma ban ga fuskar cewa a fara da namu ba.

Jandarma biyu ne a shingen bakin gari, suna jin sanyi sun ƙudundune. Da suka ga motar likita ce ko takarda ba su duba ba, sai ɗayan ya leƙo ya nemi maganin ciwon haƙori. Daga nan muka yi gabas. Hanyar Kalfu sunanta hanya, amma sawun raƙuma ne mota ta ara. Hawa ake a kan fako mai jan dutse, a gangara kwari, a sake hawa. Direbanmu Badamagare ne, kuma duk inda taya ta daki dutse sai ya waiwayo ya ce mini da aka gama rabon duwatsu a duniya, ragowar a Adar aka juye. Na ce masa duwatsun ne suka hana mu taushin ƙashi irin na mutanen garinsu. Ko'ina ka duba kaka ta yi: damman hatsi a jingine, mata na hawa tsani suna zubawa cikin rumbunan laka masu ƙaton ciki. A wata rana da na ji daɗin kallon, amma ni kowane mutum na gani ya sunkuya ya ɗaga dami sai in tuna yayana.

Da hantsi muka isa Kalfu. Maigari ya ba mu zaure, aka rataya tabarma a ƙofa, ni kuma na tsaya ina kiran suna. Nan na ga abin dariya ko da ban yi ba. Mutumin da ya kwana goma sha biyu a gadonmu, na wanke masa rauni da hannuna, ina kiran sunansa a gaban jama'a sai ya ce ai ba shi ba ne, wani ne mai irin sunansa. Sai da na bar kira da ƙarfi, na koma bin su ɗaya ɗaya ina raɗa musu, sannan suka riƙa sulalowa ta bayan zaure. Dubawar ba ta da wuya. Mutum ya tsaya, ya sassauta wando, lokotoro ya ɗora yatsa, ya faɗi Hausarsa ta biyu, mutum ya yi tari. In hanji ya bugo yatsa, aiki ya saki. Cikin masu tsohon zare mun sami wanda nasa ya fara saki, sauran lafiya, har wani tsoho ya fita ya ɗaga dami sama da kansa don mu gani, lokotoro na ɗaga masa hannu yana cewa ya isa. Masu sabon zare biyu ne a garin, kuma dukansu wurin ya riƙe gam.

Bayan azahar muka je gaisuwa gidan mamacin. Mahaifinsa dattijo ne mai furfura da kwalli a ido, ya shimfiɗa mana tabarma, ya sa aka dama fura da nono mai kauri. Na sha don kada a ce na ƙi, amma ban san inda ta bi ba. Bai ɗora wa kowa laifi ba. Ya ce kwana ne ya ƙare, kuma sun gode da muka tako. Muna shirin tashi sai ya ƙara da cewa su ma sun yi iyakar ƙoƙarinsu, don har Barmu suka kai shi da farkon damina aka ɗebe masa abin, ya samu sauƙi, daga baya ciwon ya dawo. Na ɗauka rubutu ko turare yake nufi, irin taimakon da kowa ke nema. Na dai gaya wa lokotoro, ya duba takardarsa, ya ce mutum ukun da suka dawo mana duk na kewayen Barmu ne. A zauren maigari muka kwana, da gari ya waye muka yi arewa.

Mun iske kasuwar Barmu na ci. Tun daga nesa kake hango raƙuma a gurfane da takarkarai ɗauke da gishiri, ga Buzaye da rawani sun kewaye ɗan gawayi suna dafa shayi. Cuku ya yi araha bana, har direba ya sayi na dala biyu ya ce zai kai wa maiɗakinsa ta ga abin da Adarawa ke taunawa in haƙoransu sun gaji da dutse. Ranar kasuwa ta yi mana amfani, don mutanenmu duk sun shigo gari ba sai mun bi su ƙauyuka ba.

Na farkon da aka shigo da shi zauren da aka ba mu, yana yin tari hanji ya cika tafin lokotoro. Wannan mun sani, don yana cikin ukun da suka dawo mana da damina. Abin da ba mu sani ba shi ne abin da ya biyo baya. Lokotoro ya daɗe yana lalube a ƙarshen tabon, ya danna nan, ya danna can, goshinsa na tattarewa. Ya ce mini a jikin siririn mutum irin wannan dole a ji ƙullin zaren a ƙarƙashin fata, kamar yadda ya ji shi jiya a jikin mutanen Kalfu biyu. Nan babu. Na biyu ma babu. Nailan kuwa ba ya tafiya ko'ina, ko mutum ya shekara hamsin. Da muka matso da na biyun bakin ƙofa wurin haske sai muka ga wata 'yar tsaga sabuwa a kan tsohon tabon, ba ta kai faɗin farce ba. Na tambaye shi wa ya yi masa, ya kau da kai yana ɗaure wando. Sai da na ce masa ba kama kowa za a yi ba sannan ya ce in je in tambayi wanzamin da ke gindin aduwa, bayan 'yan gishiri.

Wanzamin tsoho ne mai tsabta, zabirarsa a buɗe, asake a jere bisa fata, ƙahonin tsaga a gefe. Ya gama aske wa wani kai sannan ya saurare mu. Ko kaɗan bai razana ba. Ya sa hannu cikin zabira ya fito da wani ɗan tsumma, ya kwance, sai ga zaruruwanmu a nannaɗe, kowane da ƙullinsa, wankakku tas.

Ya ce, "Ga su nan, biyar na ɗebo. Ba ni nib bi su ba, su sunka zo. Kowane cewa shikai an hwaɗa mai a likita, in anka yi arba'in zaren ciki ya narke. To arba'in ta wuce, ga abu nan awa ƙwayar hatsi shina sukan mutum. Abin da anka ce shi narke bai narke ba, mi yar rage in ba a ɗebe shi ba? Kuma ba wuya garai, kana yanke ƙullin kaj ja, dut sai shi biyo."

Na tambaye shi wa ya gaya musu haka, ko da yake na riga na sani. Ya ce wai wani ne mai farar riga da ke yi wa Bature tafinta. Ya dubi rigata, ya koma ya dubi askarsa.

Bari in gaya muku yadda abin yake. Shekarata shida ina sallamar masu aikin gwaiwa da magana guda, har ta zauna mini a baki kamar karatun allo: kada ka ɗauki kaya, kada ka ja guga, kada ka hau raƙumi, zaren ciki kuwa kada ya dame ka, in an yi arba'in ya narke da kansa. Lokotoro iyakarsa ya ce mini "yi masa bayani" ya wuce gado na gaba. Da aka sauya zare na koyi yadda ake tafasa sabon, na koyi allurar da ke ɗaukarsa, amma maganar bakina ban taɓa ta ba. Ko sau ɗaya ban tsaya na ji abin da nake faɗi ba. Kuma ni ɗan ƙasar nan ne, na fi kowa sanin cewa a wurinmu duk abin da ya zauna cikin jiki ba a gayyace shi ba sunansa jifa, kuma ba mai yarda ya kwana da shi in da mai cirewa.

Lokotoro ya tambaye ni me tsohon ya ce. Nan na yi abin da har yanzu in na tuna kunya ke rufe ni. Na ba shi rabi. Na ce mutanen sun ji ƙulli, suka zo, wanzami ya cire. Fuskarsa ta yi ja har kunnuwa. Ya ɗauki tsumman yana girgiza shi, yana faɗa da Faransanci cewa wannan mutum ya kashe rai, zai kai shi gaban kumandan mai mulkin Tawa, sai an karɓe masa aska. Tsohon bai ji kalma ko ɗaya ba amma ya karanci fuska, ya fara tattara kayansa a hankali. Mutane suka fara taruwa. Direba, wanda ke jin harsunan biyu, ya dube ni sau ɗaya, ya juya ya tafi wurin mota.

A bakin motar lokotoro ya yanke shawara. Ya ce an sami amsa, zare ba shi da laifi. Mai ya ja baya, hanyar Takanamat yashi ce, don haka yau za mu koma Tawa, a rubuta wa hakimai su ja kunnen wanzamai. Na san irin wannan takarda. Sai ta yi wata kafin ta bar tebur, in ta isa kuma a karanta ta a fada a ninke. Yayana kuwa na tuna sarai ranar da na sallame shi. Har na ƙara masa da dafa kafaɗa, na ce kada ya damu, arba'in kawai. Wata takwas ke nan. Ko dai an riga an cire, yana can da hanji a wando cikin aikin kaka, kwana biyu daga likita a kan raƙumi, ko kuma ana gab da cirewa. Ba yadda zan sa a juya motar nan yamma sai na faɗi gaskiya.

Na faɗa. Ban iya tuna yadda na jera maganar ba, na dai san ban bar komai ba, har da rabin da na ɓoye ɗazu. Ina gamawa na jingina da mota. Na sa ran ashar, ko ya ce in miƙa farar rigar. Sai ya ce, "Shekara biyu kana magana da bakina, ban taɓa tambayarka me kake cewa ba." Bai ce ya yafe ba, bai kuma ce bai yafe ba. Ya tambayi direba ko man zai kai mu Takanamat ya maido mu Tawa. Direba ya ce in ba a yi yawo ba zai kai, in bai kai ba ya san wanda zai tura.

Kafin mu tashi lokotoro ya ce mu koma gindin aduwa. A gaban masu jiran aski na durƙusa na ba tsohon haƙuri, na ce maganar tawa ce, kuskuren nawa ne, zaren nan an yi shi ne don ya zauna har mutuwa, cire shi ne ya yi ajalin mutumin Kalfu. Ya ce Allah ya kyauta, shi ma da ya sani da bai taɓa ba, kuma mutumin Kalfu zai daɗe a ransa. Ya yi alkawarin duk sunan da ya je aski zai gaya wa 'yan'uwansa wanzamai, kuma na yarda saƙon ya fi takardar hakimi sauri. Har mun juya sai ya kira ni. Ya ce in yi hanzari, don can yamma ba wanzami ake kai wa irin wannan ba, maƙeri ake kai wa, shi kuwa da jan ƙarfe yake sakiya.

Hanyar Barmu zuwa Takanamat ba zan so wa maƙiyina ita ba a irin ranar nan. Dutse ya ƙare, yashi ya karɓa. Sau biyu muna kafewa. Na farko mu muka tone da hannu muka shimfiɗa rassan sabara, ƙarangiya ta cika mana wanduna har lokotoro ya koyi kalmar Hausa ta uku, wadda ba zan rubuta ba. Na biyu kusa da wata rijiya ce mai zurfin gaske, inda sa ke jan igiya ya yi nisa har ya zama ɗan ƙarami kafin guga ya leƙo. Makiyayan suka bar shayarwa suka zo suka tura mu, suka ba mu madara a ƙwarya, ko sunanmu ba su tambaya ba. Ina sha ina kallon wanda ke tarbar guga a bakin rijiya, yadda yake banƙarewa ya fizgo shi, ina lissafin sau nawa yayana ke yin haka a yini. Direba ya bar tsokanata tun Barmu, kuma shirun nasa ya fi tsokanar ciwo. Rana ta faɗi muna shiga Takanamat, ya ce ba zai bi sauran yashin da duhu ba. Na san gaskiyarsa, amma a ranar na ji haushinsa. Muka kwana gidan baƙi, ni dai kwanciya kawai na yi.

Da sassafe muka ƙarasa. Mota ta tsaya a gindin tudu, muka hau da ƙafa, ina gaba ina haki, lokotoro na biye da jakarsa. Matar yayana na fara gani tana sussuka. Tana ganina da Bature a baya sai ta saki taɓarya, ta dafe ƙirji. Muka gaisa a tsaitsaye. Ta ce gara da na zo, don tun shigar damina mutumin ba shi ba ne. Ba ya cin abinci sai an yi da gaske, ba ya hira, ya bi dangi gida gida yana neman gafara ba wanda ya san dalili, ragon da yake ji da shi ya ba limami. Ta tambaye shi har ta gaji, ba ya cewa komai sai lafiya. Na tambaye ta ko ya je wurin maƙeri. Ta ce maƙerin ya zo gidan dai, sun keɓe, ba ta san abin da suka yi ba.

A bayan rumbu na same shi yana gyara jinka. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Ya dube ni, ya dubi lokotoro, ya ajiye igiya, bai yi mamaki ba, kamar mutumin da ya daɗe yana jiran a aiko. Muka shiga ɗaki. Ku kun san ba abin da ban gani ba a aikin nan, amma ban iya tsayawa a gaban yayana ya kwance wando ba. Na juya baya ina riƙe da asabari. Na ji lokotoro ya ce, "Yi tari." Na ji tarin. Ya sake cewa, ya sake yi. Can ya kira ni, ya kamo yatsana ya ɗora a ƙarshen tabon. Ƙullin na nan, ɗan tsito, mai tauri. Ya sa shi ya ƙara tari, ba abin da ya motsa. Ya ce mini duk tafiyar nan bai ga wanda ya riƙe kamar wannan ba.

Na zauna a ƙasa. Da lokotoro ya fita wanke hannu na tambayi yayana me ya same shi haka.

Ya ce, "Auta, kai kac ce in anka yi arba'in shina narkewa. Na ƙidaya arba'in, na ƙara wata arba'in, ga abu nan. Sai nic ce to, aikin ya ɓaci, sai jiran lokaci."

Na ce, "Yaya, mi yah hana ka zo Tawa? Ko aike ba ka yi?"

Ya ce, "In zo in ce mi? Kai kak kai ni. In Bature ya ji aikin ɗan'uwanka ya ɓaci, in gari ya ji, ina za ka sa kanka? Maƙeri ya lura da tahiyata, ya zo har nan, nic ce mai ba komi. In na bari ya sa ƙarhe, kahin la'asar kowa ya sani. Na ga in mutuwa ta, gara ta iske ni bakina ruhe."

Ban taɓa jin kunya da ƙaunar mutum sun haɗu mini wuri ɗaya irin ranar ba. Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Na gaya masa duk abin da ya faru, da mutumin Kalfu, da na Barmu, da cewa maganar da na faɗa masa ta tsohon zare ce. Ya saurara yana kallon ƙasa. Ya tambaye ni ko ke nan da wannan abu za a rufe shi. Na ce da shi, kuma shi ke riƙe da shi. Ya jinjina kai, ya ce da na faɗi haka tun farko ai da ya ci tuwonsa da daɗi bana. Iyakar faɗan da ya yi mini ke nan. Sai ya miƙe ya zura hannu cikin jinkar ɗaki, ya jawo wani ƙunshi, ya buɗe. Farin yadi ne sabo, daidai na likkafani, tun tsakiyar damina ya saye shi a ɓoye. Matarsa da ta shigo da ruwa ta gani, ta ajiye ƙwarya, ta zauna a bakin ƙofa ta rufe fuska da zane. Na fita na ba su wuri.

Ba mu daɗe ba saboda mai. Na je na sami maƙerin da limamin na yi musu bayani, muka duba wani mai tsohon zare a Takanamat, muka kamo hanyar gida. Ta fi sauran kyau, ko kuwa ni ne na fara ganin hanya. Direba ya dawo da bakinsa, ya ce ashe duwatsun Adar ba a ƙasa kaɗai suke ba, har a kan mutanenta. Ban rama ba. Da la'asar sakaliya muka hango Tawa, allurar mai na kwance.

Ga abin da muka dawo da shi. A takardar lokotoro, duk wanda aka bar masa nailan a jiki aikinsa ya riƙe, kuma ya ce zai ci gaba da shi, ko da yake mutanen ba su da yawan da zai sa ya bugi ƙirji. Akwai makiyaya biyu da suka yi arewa da bisashensu ba mu same su ba, muna jiran saƙon wanzamai ya cim musu kafin aska. Mutanen Barmu za a sake musu aiki wannan wata. Yanzu duk wanda za a sallama sai na ba shi guntun zaren a hannu ya ja, ya ciza in yana so, in ɗora yatsansa a kan ƙullin, in ce masa wannan abokin zamanka ne, sannan in sa ya maimaita mini abin da ya ji. Ni abin da na koya shi ne, ɗinki ba ya ƙarewa a ɗakin fiɗa. Maganar da ka sallami mutum da ita tana bin sa har gida, kuma ita yake aiki da ita ranar da ba ka nan. Ku da kuke tafinta a likitocinku, wato asibitoci, don Allah ku zauna ku saurari abin da bakinku ya saba faɗi. Ni na saurari nawa ne bayan an rufe mutum.

Da direba ke sauke kaya a ƙofar gidana, cikin buhun waken da aka sa mana tsaraba sai ga ƙunshin farin yadin nan. Ya ce yayana ne ya cusa shi da muna wurin maƙeri, ya ce a gaya mini shi ba ya da bukatarsa yanzu, in kai a ɗinka mini rigar aiki, tawa ta tsufa. Na kai wa tela shekaranjiya. Ya ce gobe in je in karɓa, kuma har yanzu ban san yadda zan iya sa ta ba.